Surukar Likitan Salula

A duk faɗin Attantane babu gidan da ya kai na Maikuɗi shagali a kakar bara, kuma ba gero ne ya jawo ba, don gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Suruki ya yi. 'Yarsa Shamsiyya tana auren Abdul Razak, likita mai asibitin kansa a Tasawa, wanda mutanen gari ba sa kira da komai sai Lokotoro. Tun ranar da Lokotoro ya ce duk wanda ba shi da lafiya a turo masa saƙon murya ta salula, shi kuma zai turo sunan magani, Maikuɗi ya daina tafiya irin ta mutane. Kafaɗa ɗaya a sama, carbi na lilo, gaisuwa ma sai an yi masa ta biyu yake amsawa.

A gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidan ne rezo, wato sabis ɗin salula, ya fi kamawa, to nan aka buɗe asibiti ba da izinin kowa ba. Imrana, ɗan Maikuɗi mai kabu-kabu, shi ke riƙe da salula. Kafin hantsi mutane sun yi layi: mai tari, mai ƙaiƙayi, da wanda shi kansa bai san inda ke masa ciwo ba, ya dai zo kada a raba ba shi. Imrana ya danna ya ce, "Lokotoro, ga Baba wane, ciki ke murɗa mishi." Kafin shayi ya dahu amsa ta dawo, kana jin ƙugin mota ko ƙarar cokali a bayan muryar: "A ba shi magani kaza, biyu da sahe biyu da marece. Allah shi ƙara sauƙi." Sai wuri ya kaure da salati. Imrana ya hau babur ya nufi parmasi a Mayahi, ya nuna salula, a ƙullo masa ƙwayoyi a leda.

Wata rana Dodo mahauci, don tsabar tsiya, ya sa aka ɗauki hoton idon bijiminsa mai zubar da ruwa aka tura. Amsa ta dawo cewa a gaida Baba, a ɗiga masa magani kaza, kuma ya rage karatu cikin duhu. Gari ya yi ta dariya har masu riƙe ciki. Bijimin kuwa sai ya warke, abin dariya ya koma abin yabo: ga likitan da ko sa ya duba sai ya miƙe. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda mutum zai kalli idon sa ya ce a gaida Baba.

A'i, matar Maikuɗi, ta fi kowa jin daɗin wannan suruki, ta kuma fi kowa ɓoyewa. Ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Sunansa bai taɓa fita bakinta ba, "na Tasawa" take ce masa. In ya zo gaisuwa, yana zaure tana ɗaka, gaisuwar ta bi ta bakin wani ta shigo, amsa ta bi ta bakin wani ta fita. Haka ta ga uwarta ta yi da Maikuɗi, kuma tana alfahari da cewa ita ma ba a taɓa kama ta da sakaci ba.

To, gwiwoyinta sun daɗe suna damunta. In ta durƙusa gaban murhu sai ta dafa turmi kafin ta miƙe. Ciwon ya bi hanyar da gaisuwa ke bi: ta faɗa wa Maikuɗi, Maikuɗi ya faɗa wa Imrana, Imrana ya faɗa wa salula. Lokotoro bai tambayi shekarunta ba, bai tambayi ko an taɓa gwada jininta ba. Ya turo sunan wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi farare, ya ce in sun ƙare a ƙaro.

Wayyo daɗi! Kwana kaɗan A'i ta tashi kamar an sauya mata ƙafafu. Ta ƙwace taɓarya daga hannun matar Imrana, ta yi luguden da ya sa maƙwabta leƙowa ta kan danga. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake share inda ta share. Dariya take ba dalili, waƙar da ta manta tun tana budurwa ta dawo mata baki. Ci kuwa ba a magana: tuwo, fura, kwaɗon zogale, har ƙanzon tukunya ba ta bar wa awaki. Kumatu suka ciko, wuya ya yi tudu, fuska ta zama zagayayya tana sheƙi.

Mata suka riƙa shigowa kallo. "A'i, ke ce kuwa? Kai, wanga ƙiba! Ashe haka kike da kyau yunwa ta ɓoye ki!"

"Ku bar ni," in ji ta, tana rufe baki da gefen zane. "Aikin na Tasawa ne."

Maikuɗi da ya yi shekaru bai kalle ta sau biyu ba, sai ga shi yana laɓewa bakin madafa yana cewa wai ashana yake nema. Ta kore shi da muciya, suka yi ta dariya su biyu kamar yara. A wannan lokacin, da wani zai ce wa A'i ta bar ƙwayoyin nan, da sai ta ce baƙin ciki yake mata.

Da matar Imrana ta haihu, Shamsiyya ta aiko wa uwarta da takalma daga Tasawa, na roba mai tauri, an jera musu duwatsu masu ƙyalli. Sun matse ta, don ƙafafun ma sun cika, amma aka ce ai ƙiba ce, za su buɗe. Ranar suna aka kifa ƙwarya a ruwa, mata suka ɗau kiɗa, A'i ta faɗa fili. Kakar jariri, wadda bara sai an ɗaga ta, ita ce ta gajiyar da 'yan mata. Ana guɗa, ana liƙa mata alewa a goshi, tana juyi duwatsun takalmi na walƙiya. Da magariba ta zauna cirewa, sai ta ga babban yatsan ƙafar hagu ya saluɓe, jini ya bushe a cikin takalmin. Ko kaɗan ba ta ji ba. Ta ɗaga ƙafar ta nuna wa mata tana ƙyalƙyala dariya, ta ce yanzu ciwo ma tsoronta yake ji.

Daga nan ne ƙishirwa ta fara. Ta sha moɗa, ta ajiye, ta sake ɗauka. Makewayi kuwa ya zama kamar ɗakinta. Wata safiya ta lura kiyashi sun yi dandazo a daidai inda take tsugunawa, washegari ma haka. Abin ya tsaya mata a rai, ta samu Maikuɗi yana alwala ta faɗa masa a hankali.

Ya ajiye buta ya dube ta. "Ke A'i! Hitsari? Wanga zance za a ɗauka a kai gaban suruki? Ina kunyarki ta tahi?"

"To ciwo ne, Malam."

"Bari, na san yadda zan hwaɗa."

Ya fita ya ce wa Imrana uwarsa na yawan shan ruwa. Imrana ya danna ya ce, "Lokotoro, Inna na shan ruwa sosai." Amsa ta dawo da fara'arta, har da Faransanci: "Très bien! Ruwa lahiya ne. A ci gaba da magani." Maikuɗi ya shigo yana washe baki, ya ce ta ji ko, ashe ma abin kirki take yi.

Yatsan bai warke ba. Ya yi baki, ya fara ruwa, wurin ya faɗaɗa ya gangaro tafin ƙafa. Ta wanke da ruwan gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta ɗaure da tsumma. Da ta ga abin na gaba, ta ce ko Imrana zai ɗauki hoton ƙafar a tura, tun da har idon sa an tura.

"Sa daban, suruka daban," in ji Maikuɗi. "Ƙahwarki tsirara cikin salular mijin ɗiyarki? Shi buɗe gaban mutane? Ba a gidana ba. Sa kayanki masu kyau a ɗauke ki, likita daga huska shi ke gane komi."

Aka ɗaura mata ɗankwalin Sallah, aka ja mata tozali, aka zaunar da ita kan kujera, ƙafar na ƙarƙashin zane. Ta sunkuyar da ido don kada ya zama kamar tana kallon suruki. Imrana ya tura, ya ƙara da cewa akwai ɗan gyambo a yatsa. Ba a daɗe ba salula ta yi ƙara.

"Ma sha Allah! Inna ta yi kyau, elle est en forme! Gyambo ba komi ba ne, a sayo kapso mai ja da rawaya. In da zahi, a ninka hwararen nan."

Aka kunna saƙon a gindin bedi, aka sake kunnawa, har yara suka haddace suna bin juna da "alle tan horom". A'i tana ɗaka tana jin shewarsu, ta yi murmushi ita ma, don an yabe ta. Ta ninka ƙwayoyin kamar yadda aka ce.

Kafin bazara ta kankama, dariyar ta ƙare mata. Ƙiba na nan a fuska da ciki, amma cinyoyi sun zube, hannu ba ya iya ɗaga taɓarya. Ido ya fara hazo, zare ya daina shiga allura. Ƙafar ta kumbura har ƙauri, yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi. Sai wari. Matar Imrana ta riƙa turara ɗakin safe da yamma, ta sa labule mai kauri, don kada masu layi su jiyo.

A'i ta ce a kai ta wurin majo, ma'aikacin jinyar da ke asibitin gari, ga shi nan bayan kasuwa ko amalanke ba a buƙata sosai.

Maikuɗi ya miƙe tsaye. "Mu da ke da lokotoro cikin gida mu tahi wurin majo? Ki ratsa ta gaban mutanen ga da ke layi ƙohwata, a ga surukar Lokotoro ta nuhi majo? Mi za a ce? An raina yaron ga ke nan. Ki yi haƙuri, magani sannu shi ke aiki."

Ta nemi Imrana. Ya sosa ƙeya ya ce shi ba ya tsallake maganar Baba, kuma ai Lokotoro ya ga hoto da idonsa. Ta sa aka kira mata Shamsiyya a salula, ta ce, "Ɗiyata, ko mai gidanki zai ɗan zo shi gani? Tasawa ba nisa."

"Inna, don Allah kada ki sa a ce dangina sun cika damu. Mutane nawa ke turo mishi kullum, ko abinci da salula a hannu shi ke ci. Kuma ko ya zo, ke za ki buɗe mishi ƙahwa? Na san ki hwa."

Gaskiya ne, A'i ba za ta iya ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: kowa ya samu inda zai laɓe, kuma duk a bayan kunyarta suka laɓe. Ta kwanta tana jin Dodo a waje yana sake ba da labarin bijimi, ana tafa hannu, ana cewa a gaida Baba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ranar da ta faɗi, Maikuɗi ya tafi kasuwar garin Sarkin Hausa. Ta rarrafa zuwa randa da rana tsaka, moɗa na hannunta ta kife. Matar Imrana ta fasa ihu, mata suka cika gida, suka yaye tsumman, wata ta fita da gudu tana toshe hanci. Su suka tsaya kan Imrana har ya samo mota. Aka fito da A'i ta gaban masu layi, babu wanda ya ce komai.

A asibitin Mayahi wata likita ce mai suna Rashida ta karɓe ta. A'i tana jin muryoyi sama-sama. Ta ji an soki yatsan hannunta, ta ji likitar ta ja numfashi ta ce sukari ya yi mugun hawa. Ta ji an ce, "Wane magani take sha?" Ta ji ƙarar leda.

"Wa ya rubuta mata wannan? Tun yaushe?"

"Tun kaka," in ji Imrana. Ko a nan, da uwarsa kwance, sai da muryarsa ta ɗaga. "Ai mu Lokotoro Abdul Razak na Tasawa ke duba mu. Mijin ƙanwata ne. Bari ki ji."

Ya kunna. Muryar ta cika ɗakin, a ƙaro, très bien, a ninka. Ya kunna wani, ya kunna wani, yana jiran likitar ta ce ashe ku manya ne.

"Ya taɓa ganinta?"

"Haba, surukarshi ce hwa, ƙaƙa zai gan ta? Ai shi ba sai ya gani ba. Ko bijimin Dodo..." Ya soma labarin yana dariya, ya kai tsakiya ya ga shi kaɗai ke yi, ya bari.

Likitar ta ce maganin nan mai ƙarfi ne, ba a sakar wa mutum shi wata da watanni ba gwaji. Shi ya kumbura mata fuska, shi ya hura sukarin, shi ya hana gyambon kamewa. Ta ce ya bar mata saƙonnin, sannan a wuce Maraɗi yanzu-yanzu.

A Maraɗi A'i ta farka tafin ƙafarta na hagu na ƙaiƙayi. Ta miƙa hannu ta sosa, hannun ya sauka kan katifa. Daga ƙasan gwiwa babu komai. Ta daɗe tana shafa wurin, sannan ta ja zane ta rufe fuska ta yi kuka.

Maganar ta kai majalisar ladabtar da likitoci a Yamai. Aka kira Lokotoro, aka kunna masa muryarsa ya ji da kunnensa, aka gano ba Attantane kaɗai ba ce, ƙauyuka da dama suna da nasu gindin bedin. Ya ce taimako yake yi, mutanen karkara ba su da likita. Ya ce ba a faɗa masa gaskiya ba, ba wanda ya ambaci fitsari ko baƙin yatsa. Aka ce masa likita ba ya zaman jiran a faɗa masa, shi ke tambaya, shi ke dubawa. Aka dakatar da shi daga aiki shekara guda, aka garƙame asibitinsa.

Ranar da labari ya iso, gidan Maikuɗi ya cika kamar an yi rasuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, mutane na zuwa jaje. "Sannu Maikuɗi, hassada ce." "Mace ce ta kai shi ƙara, kishin ɗaukaka tai take." "Yanzu wa zai duba mu?" Maikuɗi yana share ido da hannun riga yana cewa an karya masa gida. A'i tana ɗaka da sandarta jingine a bango. Masu shigowa shan ruwa sukan leƙa su ce mata sannu da jiki, su koma inda ake jajen gaske.

Shamsiyya ta zo da kumburarrun idanu, ta durƙusa gaban gadon. Ta ce za a ɗaukaka ƙara. In Inna za ta ce ita ta riƙa sayen ƙwayoyin wurin mai tebur ba da saninsa ba, ƙila a sassauta.

"Inna, aikinshi ne hwa. Ƙahwa kam ta riga ta tahi."

A'i ta dubi 'yar da ta goya, ta juya fuskarta wajen bango.

Washegari da la'asar Lokotoro ya zo da kansa. Ya zauna a zaure tare da Maikuɗi da dattawa, kamar yadda aka saba. Imrana ya shigo ya ce na Tasawa na gaishe ta, yana tambayar jiki.

"Miƙo min sanda," in ji A'i. "Da takalmin can na ƙarƙashin gado. Na hagu."

"Inna, ina za ki?"

Ba ta amsa ba. Ta saƙale takalmin a hammata, ta dogara, ta ratsa tsakar gidan da ta yi rawa a cikinsa, sanda na nutsewa cikin rairayi. Da ta yaye asabarin zaure, Maikuɗi ya zabura.

"Ke! Suruki na nan!"

Ta jingina da bango, ta sulale ta zauna a ƙasa daf da shi. Lokotoro ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji.

"Abdul Razak."

Wani dattijo ya yi salati. Ta kwance zanen daga gwiwa, ta warware bandejin da hannunta, ta miƙa dungulmin gabansa.

"Ɗago ka diba. Yau babu rezo tsakaninmu."

"Inna, don Allah... da kunya."

"Kunya tawa ce, na yi ta, ga inda ta kawo ni. Kai ba ita anka koya maka a lakwal ba, dubawa anka koya maka. Diba."

Ya ɗago. Wannan ne karo na farko da ya kalli marar lafiyarsa. Ya kalli ɗinkin, ya kalli fuskar da ya ce ta yi kyau, bai samu abin faɗa ba ko da Faransanci.

"In mutanen Yamai sun tambaye ni, abin da na gwada maka shi zan gwada musu," in ji ta. Ta zaro takalmin ta ɗora masa a cinya. "Wanga ka maida ma Shamsiyya. Ba ni da inda zan sa shi."

Ta kama sanda ta yunƙura. Imrana ya kawo hannu, ta ture, ta miƙe da kanta ta koma ciki. Lokotoro ya zauna da takalmin a cinyarsa, duwatsun na ƙyalli, busasshen jinin na nan a ciki, ya rasa inda zai ajiye shi.